Sabuwar taya ba ta son gaggawa

A Darki da ke ƙaramar hukumar Wudil a jihar Kano, babur ne ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Amma saboda tsada, ɗan acaɓa kan lallaɓa tsohuwar taya da faci har zanenta ya shafe kafin ya sayi sabuwa.

Ranar canjin ma da nata hatsarin, domin sabuwar taya santsi gare ta. Shawarar masu faci ita ce a duba iska, a rage lodi, a bi kwana da yashin hanyar ƙauye a hankali, har tayar ta kama ƙasa.

Wanda ya yi gaggawa kuwa, bayan kuɗin taya sai ya biya na mai ɗori.