Ciwon Hantar da Aka Samo Maganinsa a Matsarmamar Beyar

Idan aka ce ciwon hanta, hankalinmu kan tafi ga abu biyu: ƙwayar cutar da ake ɗauka ta jini, ko barasa. To, akwai wata cutar hanta da babu ruwanta da ko ɗaya. Ba a ɗaukarta daga kowa, ba a shafa wa kowa. Likitoci na kiranta PBC. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa siraran magudanan da ke kwashe ruwan ɗaci daga cikin hanta. Tana cin su sannu a hankali har ruwan ya rasa hanya, ya taru, ya riƙa ƙona hantar. Maigadi ne ya koma ɓarawon gida.

Mata ta fi kamawa. Cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, galibi 'yan shekara 40 zuwa 60.

Sunanta ma sai da aka yi masa gyara. Tun wajen 1950 ana kiranta primary biliary cirrhosis, kalmar ƙarshen nan kuwa tana nufin hantar da ta riga ta yi tabo ta ƙandare. A Turai da jin kalmar sai a ce mashayi. Ka ga baiwar Allah da ba ta taɓa kurɓar giya ba tana fama da kallon banza daga dangi, kamfanonin inshora kuma suna ɗari-ɗari da ita, alhali yawancin masu cutar hantarsu ba ta kai ga ƙandarewa ba. Marasa lafiyar da kansu suka matsa, har a 2015 aka musanya kalmar da cholangitis, wato kumburin magudanan ɗaci. Dabarar ita ce duka kalmomin biyu da harafi ɗaya suka fara, don haka PBC ta zauna yadda take, babu wanda ya sake koyon sabon laƙabi.

A fata aka fara lura da ita, ba a hanta ba. A 1851, likitoci biyu na asibitin Guy's da ke Landan, Thomas Addison da William Gull, suka yi bayanin wasu marasa lafiya masu shawara da wasu tabba rawaya-rawaya a fata, musamman a fatar ido. Kitse ne ke taruwa a wurin. Masu cutar kan samu kitsen jini mai yawan da zai tayar wa likita hankali, amma abin mamaki, bugun zuciya bai fi yawa a cikinsu yadda adadin zai sa a zata ba.

Sai maganar beyar. Shekaru fiye da dubu masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suna amfani da ruwan matsarmamar wannan dabba. A 1927 wani masani ɗan Japan mai suna Shoda ya tace sinadarin da ke cikinsa, aka sa masa suna ursodeoxycholic acid, daga kalmar Latin ta beyar, ursus. Wannan sinadari, da ake taƙaitawa da urso, shi ne babban maganin PBC har yau, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 1997. Aikinsa kamar sirka ruwan zafi ne: shi ma ruwan ɗaci ne, amma mai laushi, sai ya maye gurbin masu kaifin da ke ƙona hanta. Ana shan miligiram 13 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyin jiki, kullum, har ƙarshen rayuwa. Wanda aka gano tasa da wuri kuma maganin ya karɓe shi yakan yi tsawon rai kamar kowa. Kada mai karatu ya tausaya wa beyar a kan ƙwayoyin kantin magani: yanzu yawanci daga ruwan matsarmamar shanu ake haɗa su, wannan 'yar jakar da mahauci ke cirewa da taka-tsantsan don kada ta fashe ta ɓata nama.

Sai dai kusan mutum ɗaya cikin uku, ko fiye kaɗan, urso ba ya isarsa.

Ƙaiƙayin cutar kuwa sai wanda ya ɗanɗana. Babu ƙuraje, babu borin jini, amma tafin hannu da tafin ƙafa kamar ana yawo da tururuwa a ƙarƙashin fata, kuma da dare ya fi tsananta. Wasu kan yi susa har jini. Maganin ƙaiƙayi na yau da kullum ba ya yi masa komai. Abin da ake fara bayarwa wani gari ne mai suna cholestyramine, mai kama ruwan ɗaci a hanji, amma dole a bar tazarar kamar awa huɗu tsakaninsa da urso, in ba haka ba ya haɗa da maganin ya kama. Idan bai yi ba, sai a koma ga rifampicin, maganin tarin fuka da aka sani a asibitocinmu, mai mayar da fitsari ja. Daga nan sai naltrexone, wanda aka ƙirƙira don masu barin ƙwaya. Ni dai ban san wani ƙaiƙayin da ya ari magunguna daga gidaje daban-daban haka ba. Ga kuma abin dariya mai ban haushi: obeticholic acid, sabon maganin da aka yi murna da shi a 2016, babbar illarsa ita ce ƙara ƙaiƙayi. Turai ta janye izininsa a 2024, shekarar da Amurka ta amince da wasu biyu, elafibranor da seladelpar.

A gwajin jini ake gano PBC. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita suna ɗauke da wasu sojojin garkuwa masu kai hari ga maitokondiriya, 'yan injinan da ke ba ƙwayoyin jiki ƙarfi. Ayarin Deborah Doniach da Sheila Sherlock ne ya gano haka a Landan a 1965. Injinan nan suna kusan ko'ina a jiki, amma ɓarnar ta tsaya a magudanan hanta. Da yawa cikin masu cutar ma ba su jin komai; gwajin jini na wata lalura daban ne ke tona ta.

Gado ne ko muhalli? Wani bincike na 2004 ya duba tagwaye masu kama ɗaya guda takwas, aka samu a biyar duka biyun sun kamu. Ukun da suka saura su ne hujjar cewa jini kaɗai bai isa ba. Shan taba da yawan kamuwa da cutar mafitsara suna cikin abubuwan da ake zargi.

PBC tana zuwa da 'yan rakiya: bushewar ido da baki, cutar maƙoƙo, da raunin ƙashi.

Gajiyar da cutar ke kawowa ce ta fi ɗaure wa likitoci kai. Ba ta bin girman ɓarnar: mai ɗan ƙaramin rauni a hanta na iya kasa tashi daga tabarma, mai hantar da ta kusa ƙarewa kuma tana harkokinta. Idan abin ya kai ga dashen hanta, ƙaiƙayin kan ɗauke cikin 'yan kwanaki, amma gajiyar sau da yawa tana nan. A wasu kuma, bayan shekaru, garkuwar jikin kan gano magudanan sabuwar hantar, ta ɗora daga inda ta tsaya.