Abuja Na Barci, Tireloli Na Ɗauko Mata Abincin Gobe

A watan Oktoban 2022, lokacin da ambaliya ta shanye titin Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, ba a yi kwanaki ba dogayen layuka suka dawo gidajen man babban birnin tarayya. Babu wanda ya shiga yajin aiki. Man yana nan cikin tankoki, tankokin kuma sun yi cirko-cirko a bakin ruwa, direbobinsu na kwana a gindin mota suna jiran hanya ta buɗe. Hukumar NMDPRA da kanta ta ɗora alhakin ƙarancin a kan ambaliyar. Guntun titi ɗaya a Jihar Kogi ya isa ya hana darakta a Sakatariyar Tarayya zuwa ofis a kan lokaci.

Abin da ya faru a wancan makon ya fito da halin da birnin yake ciki tun ranar 12 ga Disamban 1991 da gwamnati ta taso daga Legas. Abuja ba ta da tashar jiragen ruwa, ba ta da manyan masana'antu, ba ta kuma noma abin da zai ci da ita. Jirgin ƙasan Kaduna da aka buɗe a 2016 fasinja ne akasarin aikinsa. Saura duk a kan taya yake shigowa: tumatir daga Kadawa da Kura a Kano, albasa daga Aliero, doya daga Zaki Biam ta hanyar Lafiya da Keffi, shanu daga Potiskum, siminti daga Obajana. Kafin ma'aikaci ya tashi sallar asuba, an riga an fara sauke lodi a Zuba da Dei-Dei.

A nan ne ma'anar sufuri take shiga aljihun mai albashi. Kuɗin da yake biya a kan kwandon tumatir a kasuwar Wuse, wani kaso mai tsoka ba na manomi ba ne, na hanya ne. Akwai man gas, wanda gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashinsa tun kafin a taɓa tallafin fetur. Akwai taya da kayan gyara da ake sayowa da dala, da ladan 'yan kamasho da 'yan dako. Sai kuma shingaye, na hukuma da na waɗanda suka naɗa kansu hukuma, kowa da rasit ɗinsa ko tafin hannunsa, kuma duk abin da direba ya miƙa ta taga a kan mai saye yake ƙarewa. Amma babban ɓarawon shi ne lokaci. Siminti zai iya kwana uku a hanya bai canza ba. Kayan gwari kuwa, a cikin kwandunan da aka jibga wani kan wani, kowace sa'a ta cunkoso ruɓa ce. Ɗan kasuwa ba ya yafe wanda ya lalace, sai ya ɗora kuɗinsa a kan wanda ya tsira.

Ƙasar ta ɗanɗana wannan a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabo a Legas, a Arewa kuwa kayan miya suka faɗi warwas domin babu inda za a kai su. Asarar ta ci ɓangarorin biyu.

Jigilar mutane ma haka take, sai dai ita fetur take sha. Tun bayan jawabin Shugaba Tinubu na 29 ga Mayun 2023, ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a Mararraba ko Masaka ko Suleja yana fara lissafin wata ne da kuɗin mota, sannan ya duba abin da ya rage. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 yana fara zubewa ne tun a tasha.

Wani lokacin ba da kuɗi ake biya ba. A ranar 18 ga Janairun 2025, tankar mai ta kife a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, wuta ta tashi, mutane fiye da 80 suka rasu, watanni uku kacal bayan makamancin haka a Majiya ta Jigawa. Daga bisani aka haramta yi wa tankoki masu cin lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris. Mataki ne mai ma'ana, amma bai taɓa tushen lamarin ba: man da ya kamata bututu ya kawo defon Suleja, da kaya masu nauyin da jirgin ƙasa ya kamata ya ɗauka, duk an jibga wa kwalta. Kwaltar ta farfashe, motoci su lalace, kuɗin dako ya ƙaru.

Da yawa daga cikin takardun da ke yanke hukuncin waɗannan al'amura a ofisoshin Abuja ake rubuta su. A Disamban 2017 aka ba Julius Berger kwangilar sake gina titin Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya, mai tsawon kusan kilomita 375. A ƙarshen 2024 gwamnati ta soke ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bayan saɓani kan farashi, ta miƙa wa wani kamfanin. A tsawon shekarun nan bakwai, direbobin da ke yada zango a Tafa sun ci gaba da tashi da tsakar dare, domin kayan su riski cin kasuwar safe.