DAƁEN ƊAKIN SANA'A: WANNE ZA MU ZAƁA?

A gidajenmu da yawa na Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi akwai yaro mai hannun zane, ko uwargida mai ɗinki da saƙa. Idan maigida ya keɓe musu ɗaki domin aikin, yakan kashe kuɗi a kan kwano da ƙofa, ya bar ƙasan ɗakin yadda yake. Nan kuwa hasara take shigowa. Da rani ƙura tana tashi ta manne wa fentin da bai bushe ba. A watan Agusta laima takan taso ta ruɓar da takarda da yadi, gara kuma ta biyo baya. Aikin wata uku sai ya lalace cikin mako guda.

Hanyoyi uku ne ke gaban mai ƙaramin ƙarfi.

Ta fari ita ce daɓen gargajiya, wanda iyayenmu mata suka gwanance a kai. Ana kwashe ƙasar sama, musamman inda laka ce, gama laka tana kumbura da ruwa, ta tsage da rani. Sai a zuba jan burji mai kaurin inci 4, a baje shi daidai, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har ya kwanta. Ba aikin yini ɗaya ba ne. Kowace safiya a ƙara yayyafi a ƙara bugu, har tsagar da ta fito ta rufe. Daga nan sai makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi duhu. Ana shafa ruwan nan sau biyu ko uku, shi ne yake ɗaure burjin ya hana ƙura. Ɗorawa tana nuna da bazara, saboda haka a tara ɓawon tun lokacin. Kuɗin daɓen nan bai wuce na ɗauko burji da abincin 'yan gayya ba. Amma yana bukatar sabuwar makuba kowace shekara, mai da fenti kuma idan sun zube sukan shige cikinsa.

Ta biyu siminti ne. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12 zai ci buhu huɗu ko biyar na kilo 50, idan kaurin ya kai inci 2. A daddaɓe burji tukuna, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa domin tare laima. A kwaɓa kwanon siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Yashin ya zama na rafi, mai tsabta, ba mai ƙasa ba. Kada a cika ruwa don sauƙin aiki, gama siminti mai ruwa da yawa shi ne yake farfashewa. Bayan an gama, a riƙa jiƙa shi safe da yamma har kwana 7, balle da hunturu, lokacin da iska take busar da shi tun bai yi ƙarfi ba.

Ta uku ledar ɗaki ce, mai zanen furanni, wadda ake sayarwa yadi-yadi a kasuwa. Tana da kyan gani da sauƙin gogewa, amma ita ba daɓe ba ce. Idan aka shimfiɗa ta a kan ƙasa mai laima, ƙarƙashinta yakan yi fumfuna, ƙafar tebur da ta keken ɗinki kuma su huda ta. Araha ba ta ado.

To, ga shawararmu. Wanda aikinsa na busassun kaya ne, kamar ɗinki, saƙa, ko zane da fensir, daɓen makuba ya ishe shi. Wanda yake aiki da fenti da kananzir da ruwa, ya yi siminti. Idan kuɗin bai kai ba, ya daɓe ɗakin duka da burji, ya zuba siminti a kusurwar da tebur zai zauna, buhu ɗaya ko biyu ke nan. Sauran ya jira kaka mai zuwa.

Kada mu sayar da masarar da iyali za su ci, ko mu ci bashi a kan audugar da ba a tsinka ba, domin ɗaki ya yi ƙyalli. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kuɗin da ya ragu a sayi takarda da fenti da zare, gama su ne za su kawo riba. Mu kuma kira 'yanmatanmu su tsaya kusa da tsofaffi ranar daɓe, su riƙe madaɓi da hannunsu, domin masu sanin aikin nan suna raguwa a cikinmu.