Ƙara Gwaninta Sa'ad da Kasuwa Ta Yi Sanyi

Yau maganarmu a kan sana'a ce, da yadda mutum zai riƙe hanyar abincinsa a lokacin matsi.

Masana sukan ce tattalin arzikin ƙasa ya koma baya idan abin da take samarwa ya yi ta raguwa har wata shida a jere. Nijeriya ta shiga wannan hali a 2016, bayan gangar ɗanyen mai da ta wuce dala 100 a 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30. Ta sāke shiga a 2020, shekarar annobar korona. A irin wannan lokaci kamfani yakan rage ma'aikata, sau da yawa kuwa wanda ya iya abu ɗaya tak shi ake fara sallama.

Amma ku lura da wani abu. In kuɗi ya yi wuya, mutane sukan bar sayen sabo su koma gyaran tsoho. Aiki bai ƙare ba ke nan, kamanninsa ne suka sāke. Ku dubi bakanike. Motocin dā da kafireto suke aiki, ya ji ƙarar inji ya san ciwon. Motocin yanzu kwamfuta ce ke auna musu mai, sai an jona wata ƙaramar na'ura kafin a karanta abin da ya lalace. Bakaniken da bai koyi wannan ba, yana zaune a gareji mota za ta wuce shi zuwa wurin maƙwabcinsa. Haka mai aikin wayar lantarki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tā da janareta ya zama nauyi, masu shaguna da yawa suka koma ga hasken rana. Wanda ya riga ya san waya, ya ƙara sanin haɗa faifan sola da batir, bai fara daga tushe ba, taki ɗaya ya ƙara.

Saboda haka, ɗan'uwana, kada ka yi saurin yar da sana'arka ka bi wadda ba ka sani ba. Nemi wadda take maƙwabtaka da taka. 'Yar'uwa mai ɗinki, in kin iya zane da riga, ƙara kayan makaranta, gama iyaye ba sa fasa ɗinka su ko da shekara ta yi tsanani. Manzo Bulus ma, da dukan iliminsa, ya zauna wurin Akila da Biriskilla a Koranti suna ɗinkin alfarwa tare.

Abin da ya fi hana mu, a ganina, kunya ce. Magidanci mai shekara hamsin yakan ji nauyin zama gaban yaron da ya haifa ya ce, koya mini. Amma yaron nan shi ya san na'urar.

Ina za a koya? Hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda aka kafa a 1986 zamanin tsuke bakin aljihu, takan haɗa masu koyo da gwanayen sana'a. Akwai kuma ITF, mai hedkwata a Jos tun aka daɗe, wadda aka kafa a 1971 domin horar da ma'aikata. In hannunka ya faɗa, je Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ka yi jarrabawar gwajin sana'a. Mataki uku ne, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, takardar kuwa ita za ka nuna ranar da ka je neman aiki inda ba wanda ya san ka.