Ko Ka San Injin Goge Mota Yana Share Karcewar Kantar Kicin?

Ko ka san injin nan da masu fenti ke goge jikin mota da shi har ta riƙa ɗaukar ido yana iya share ƙananan karcewar da ke kan kantar kicin? Yana iyawa, amma ba kowace kanta ba, kuma wanda bai san yadda yake aiki ba zai iya ɓata abin da ya zo gyarawa.

A Gadarif, gabashin Sudan, maganar tana da amfani ƙwarai. Gari ne na dawa da riɗi, inda aka soma noma da tarakta tun shekarun 1940, kuma Hausawa da yawa, ciki har da jikokin mahajjatan da suka bi hanyar Makka ta ƙasa, sun daɗe da zama a can. Inda tarakta da manyan motoci suka yi yawa ba a rasa masu gyaran jikin mota, don haka injin yana kusa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kaya suka yi tsada, gyaran kantar da ake da ita ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Injin ba ya cike karcewa. Rage tsayin abin da ke kewaye da ita yake yi har ya yi daidai da gindinta, kamar yadda manomi ke baje kunya ƙasa ta koma shimfiɗe. Soson da ke bakinsa ɗaukar man gogewa kawai yake yi. Mai aikin shi ne gari mai laushin gaske da ke cikin man, galibi na alminiyam oksaid. Fentin ƙyallin da ke saman mota bai fi maikuron 40 zuwa 50 ba, bai ma kai kaurin gashin kai ba, shi ya sa aka haɗa man don ya ci kaɗan kaɗan. Saboda haka kafin a taɓa injin, a ja farce a kan karcewar. In farcen ya wuce sumul, akwai sa rai. In ya maƙale, ramin ya fi ƙarfin man mota.

Sai a tambaya, da me aka yi kantar? A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu bisa taurinsu daga 1 zuwa 10, kowane yana kartar na ƙasa da shi. Dutsen mabul yana wajen 3, wuƙar kicin wajen 5 da rabi, ƙwayar yashi kuwa, wato kwaz, 7. Nan ake gane dalilin da ya sa mabul ke dushewa da wuri a gari mai ƙura. Uwargida ta ga ƙurar rani ta kwanta, ta ɗauki busasshen tsumma ta share, ba ta san yashin da ke ciki ya fi wuƙarta tauri ba. Jiƙaƙƙen tsumma da aka ɗauraye kan hana mafi yawan wannan ɓarna.

Wadda ta fi jin injin mota ita ce kantar robar akirilik, irin Corian da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1967. Launinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, don haka ko an ci samanta, irinta za a tarar. Mabul ma yakan ji in karcewar ba ta da zurfi, ko da yake garin gogewar da aka yi dominsa ya fi dacewa. Giranit kuwa yana cike da kwaz, man mota kusan shafarsa kawai yake yi. Masu aikin dutse da faifai masu ƙwayar daimon suke bin sa, daga mai kaushi lamba 50 zuwa mai laushi lamba 3000, da ruwa. Katakon da aka lulluɓe da fomaika kuwa, ni dai ban ba da shawarar a sa masa inji ba ko kaɗan. Adonsa takarda ce siririya a ƙarƙashin ɗan rufi, in aka huda ta babu gyara.

Wajen aikin, zafi ne abin tsoro. Injin goge mota yana juyawa tsakanin sau 600 zuwa 3000 a minti ɗaya, kuma a ƙasa-ƙasa ya kamata a riƙe shi. Kada a yarda wani ya ɗaura soso a ƙaramin injin yankan ƙarfe, domin shi yana haura sau 10,000 a minti, nan da nan zai ƙona roba ya bar tabon da ya fi karcewar muni. A wanke kantar tas, don ƙwayar yashi ɗaya a cikin soso ta isa ta zana da'irori. A gwada a lungun da ido ba ya kaiwa, a kwantar da soson, hannu na tafiya ba tsayawa, ba dannawa, ana taɓa wurin a ji ko ya ɗau ɗumi. A kuma faɗaɗa gugar ta wuce inda karcewar take, in ba haka ba za a bar fili guda yana ƙyalli a tsakiyar dusashshiyar kanta.

Wani farin tabon da ake gani a mabul ba karcewa ba ne. Lemon tsami, tsamiya da zoɓo, waɗanda ba a raba kicin ɗin Sudan da su, tsaminsu yana cin wannan dutse, kuma za su sake cinsa ko an goge in ba a share su da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Man gogewar mota yawanci yana da sinadarai dangin fetur, wani har da silikon, ba a yi shi don wurin da ake yanka albasa ko kwaɓa gari ba. A kwashe abinci da kwanuka, a buɗe taga, in an gama a wanke da sabulu da ruwan ɗumi sosai, kuma kada a shafa kakin mota a ƙarshe. Gurzar dutse a bushe kuma tana tayar da ƙurar silika mai taurara huhu, cutar da ba ta warkewa. Ita ce ta sa Ostareliya ta haramta kantar dutsen haɗi mai kwaz daga 1 ga Yulin 2024, bayan ma'aikata da dama, har da matasa, sun kamu. Duk mai gurzar giranit ko tarazo ya zuba ruwa, ya kuma rufe hanci da takunkumin da aka yi don ƙura.