Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro Ga Matafiyiya Mai Ƙarancin Ƙwayoyin Tsayar Da Jini

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, daga Dawakin Tofa da Bichi zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir, ba a rasa gidan da yake da 'ya ko jika a wata ƙasa, wata tana aure a Jidda, wata tana karatu a Ingila. Lokacin hutun makaranta da yawancinsu suke zuwa sada zumunci, wato Yuli da Agusta, shi ne tsakiyar damina, sa'ad da dawa da gero suka rufe gidaje, kududdufai suka cika, sauro ya samu wurin zama. Kowace baƙuwa ana ba ta shawarar shan maganin rigakafi. To amma akwai wadda likita ya gaya wa tana da ƙarancin ƙwayoyin tsayar da jini, ita kuwa tsoron kowane magani take yi. Ta sha ne, ko ta bari?

Da farko dai mu san ciwon. A cikin jinin mutum akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filetilet, aikinsu shi ne su taru su toshe wurin da ya yanke domin jini ya tsaya. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a ma'aunin asibiti. A ciwon da ake kira ITP, garkuwar jiki ce take kuskure tana cinye su har su yi ƙasa da 100,000, idan kuma suka sauka ƙasa da 20,000 jini na iya ɓallewa ba tare da wani rauni ba. Alamominsa su ne yawan haɓo, da jinin dasashi lokacin yin asuwaki, da kwanciyar jini a ƙarƙashin fata ba tare da an buge ba, da ɗigo-ɗigo a ƙwauri ko cikin baki, da jinin haila mai yawa da ya ƙi ɗaukewa. Ki lura, wannan daban yake da ƙarancin jinin da muka saba da shi. Zogale da alayyafo da maganin ƙarin jini suna da amfaninsu, amma ba sa ƙara waɗannan ƙwayoyi.

Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, zazzaɓin cizon sauro da kansa yana daga cikin manyan abubuwan da ke karya ƙwayoyin tsayar da jini, har ma ga mai cikakkiyar lafiya. To ina ga wadda dama nata kaɗan ne? Bugu da ƙari, ɗan jurewar da jikinmu yake da ita saboda yawan cizo tun ƙuruciya, tana raguwa idan mutum ya yi shekaru a inda babu ciwon, kamar Makka da Madina da Jidda da ƙasashen Turai, yaran da aka haifa a can kuwa ba su da ita sam. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke. Saboda haka wadda ta ƙi shan rigakafi don tsoron ya taɓa mata jini, an gudu ne ba a tsira ba.

Abin da ya kamace ta shi ne ta je wurin likitanta na jini kamar wata guda kafin tafiya, a auna ƙwayoyin, a rubuta mata adadin a takarda, sannan a zaɓa mata ɗaya daga cikin magunguna uku da aka fi bai wa masu zuwa ƙasarmu. Na farko shi ne Malarone, ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin tafiya, a sha kullum tare da abinci, a ci gaba kwana 7 bayan an koma. Na biyu dokzisaikilin, shi ma kullum ne, amma sai an yi mako 4 ana sha bayan komawa, kuma ba a bai wa mai juna biyu da ƙananan yara. Na uku mefulokwin, sau ɗaya a mako, ana fara shi mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, a ƙara mako 4 bayan komawa. Ba a bai wa mai farfaɗiya ko mai larurar ƙwaƙwalwa, haka nan wadda kwinin ya taɓa yi wa illa, domin danginsa ne. Kulorokwin kuwa ya daina aiki a nan, tun 2005 Nijeriya ta sauya shi da magungunan haɗi irin su Coartem. Ta kuma gaya wa likita duk maganin da take sha, musamman idan an taɓa cire mata saifa, kamar yadda ake yi wa wasu masu ITP, domin marar saifa zazzaɓin nan yana yi mata mummunan kamu, har likita na iya ba ta shawarar ɗage tafiyar zuwa rani.

Yanzu sai naki aikin, ke mai masaukin baƙi, don sau da yawa kyakkyawar niyya ce take jawo matsala. Kada ki bari a ba ta kwinin, ko ƙwaya ko na ƙarin ruwa, sai da sanin likitan da ya san ciwonta, domin an daɗe da sanin yana iya rushe ƙwayoyin nan cikin kwanaki kaɗan, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010. Fansida da ake bai wa masu ciki a wurin awo, da wanda ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a damina, kowanne da waɗanda aka yi dominsu, kada ki ɗebo ki ba ta. Idan kanta ko jikinta na ciwo, farasitamol kaɗai za ta sha. Asfirin da ibufurofen da daikulofenak, da garin ciwon kai na leda da 'yan talla ke yawo da shi, duk suna hana sauran ƙwayoyin aiki. Haka kuma kada a kira mai kemis ya yi mata allura a ɗuwawu, domin jini na iya taruwa a cikin tsoka. Wanzami ma ya dakata, babu ƙaho, babu tsaga, babu cire beli.

Kafin ta iso, ki ɗaura mata gidan sauro mai magani, ki duba ko ya yage. Ki zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, ki rufe randa. Hirar tsakar gida daga magariba zuwa dare ita ce lokacin cizo, sai ta sa doguwar riga da safa, ta shafa man korar sauro. Masu gidaje kusa da madatsun ruwa irin su Tomas da Watari da Jakara su sani sauronsu ba ya ƙarewa da ɗaukewar ruwan sama.

Babu rigakafin da yake tsarewa ɗari bisa ɗari. Idan jikinta ya yi zafi, a ranar za a kai ta babban asibiti mafi kusa, kamar na Bichi ko na Ɗambatta, a yi gwajin zazzaɓi, a nuna takardarta. Idan kuwa aka ga haɓon da ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ko matsanancin ciwon kai da ruɗewa, sai a nufi Kano ba tare da jiran wayewar gari ba, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen likitocin jini. Tun kafin ranar ki san wanda zai ɗauke ku a mota, ki ajiye lambarsa. Bayan ta koma ma, duk zazzaɓin da ya zo mata cikin watannin da suka biyo baya, ta faɗa wa likita cewa daga Nijeriya ta dawo.

Allah Ya kawo mana baƙinmu lafiya, Ya mayar da su ɗakunansu lafiya, amin.