Amfanin Rubuta Wasiƙar Godiya

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Kowa ya san faɗin "na gode" da baki, amma kaɗan ne su ke zaunawa su ɗauki alƙalami su rubuta ta. Maganar baki kuwa iska ce, ta kan wuce. Takarda ita ce a kan ajiye cikin akwati, a riƙa fito da ita ana dubawa har bayan shekaru.

Ga misalin da ya kamata kowane mai koyon aikin malanta ya sani. An haifi Albert Camus a ƙasar Aljeriya cikin 1913, lokacin tana hannun Faransa. Ubansa ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin 1914. Uwarsa ba ta iya karatu ba, aikatau ta ke yi a gidajen mutane. Wani malamin firamare mai suna Louis Germain ya lura yaron nan yana da kai, sai ya riƙa yi masa ƙarin darasi bayan an tashi, har ya ci jarrabawar samun karatun sakandare kyauta. Cikin 1957 aka ba Camus kyautar Nobel ta adabi, yana da shekara 44. Ran 19 ga Nuwamba na wannan shekara ya rubuta wa tsohon malaminsa 'yar gajeriyar wasiƙa, ya shaida masa cewa ba domin hannun da ya miƙa masa yana ƙaramin yaro matalauci ba, da duk wannan bai samu ba. Cikin Janairu 1960 Camus ya rasu a haɗarin mota. Ku duba fa, da ya yi ta cewa sai gobe, da malamin bai taɓa jin wannan magana ba.

Masana halayyar ɗan Adam su ma sun gwada al'amarin. Cikin 2005 Martin Seligman da abokan aikinsa a Amurka suka ba waɗansu mutane mako guda, kowa ya rubuta wasiƙar godiya ga wanda ya taɓa yi masa alheri bai gode masa sosai ba, ya kai masa hannu da hannu. Aka tarar farin cikin marubutan ya ƙaru har tsawon wata guda, daga baya ya koma yadda ya ke. Watau abin ba na yi sau ɗaya a bari ba ne.

To, me ya ke hana mutane? Cikin 2018 Amit Kumar da Nicholas Epley suka bincika wannan. Suka ga mai rubutu ya kan damu da ko kalmominsa sun yi daidai, yana tsammanin wanda zai karɓa zai ji nauyi. Amma masu karɓa sun fi yin murna nesa da yadda aka zata, ba su kuma kula da gwanintar rubutu kamar yadda su ke kula da zuciyar da aka yi shi da ita ba.

Yadda a ke rubuta ta ba wuya. Da fari, kada a jinkirta. Na biyu, a ambaci ainihin abin da aka yi, kamar a ce, "Na gode da littafin lissafin da Malam ya ara mini lokacin gwajin koyarwa." Na uku, a faɗi amfanin da abin ya yi. Na huɗu, kada a haɗa godiya da roƙo, domin wanda ya gode a layin farko ya nemi rance a na biyu, ya ɓata duka biyun. Layi biyar ko shida sun isa. In ba halin takarda da ambulan, saƙon waya ya fi shiru.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, in kun gama gwajin koyarwa, ku rubuta wa hedimasta da malamin da ya ba ku ajinsa. Kada ku manta da masu dafa abinci da masu gadi. Sa'an nan ku koya wa yaranku, domin darasin rubuta wasiƙa ya fi shiga kai idan yaro ya san akwai wanda zai karɓa ya karanta. Kowa ya tuna da malamin da ya fara kama hannunsa ya koya masa riƙon fensir. In yana da rai, a rubuta masa cikin makon nan.